Tsohuwar Fijo ta Kuceri

Zuwa ga Edita,

Ga labarin motar da na alkawarta makon jiya.

Fijo 404 ce, irin wadda aka fara ƙerawa a Faransa cikin 1960. Na tarar da ita a Kuceri, bayan gidan wani marigayi, kaji suna ƙwai a ciki, 'yan gwangwan har sun taya. Haba jama'a, motar da ta sha kai masu naƙuda asibiti, a ɗora ta bisa sikeli? Na biya magada albashin wata biyu, uwargida tana ta faɗa.

Muka jawo ta Gusau. Makaniki ya wanke kafireto, ya sake fulogi da batir, ran kwana tara ta tashi. Saura gilashin baya. Wanda ya gan shi, ko a Fantekar Kaduna, don Allah ya sanar da ni.

Naka,
Akawu, Tsafe