Bata Ba Sunan Kwana Ba Ne Kawai

Mai karatu, in ka ce wa ɗan Kano "mu haɗu a Bata", kusa da kasuwar Sabon Gari zai nufa, ba zai tuna da takalmi ba. Alhali kuwa sunan wani mutum ne, Tomas Bata, ɗan baduku, wanda shi da 'yan'uwansa biyu suka kafa kamfanin takalmi a 1894 a garin Zilin, ƙasar Cek ta yanzu.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne wani gini a tsohuwar masana'antar, wanda ake kira Gini na 21. An gama shi a 1938, shekara shida bayan Tomas ya rasu a haɗarin jirgin sama. Hawa 16 ne, tsawonsa ya haura mita 77. Ofishin shugaban kamfanin ma a cikin lif aka yi shi, ɗaki guda sukutum da tebur da tarho, yana hawa yana sauka da mai gida. Ko ƙwazo ne ko tsabar sa ido, oho! Ƙanen Tomas da aka yi wa ofishin bai more shi ba, domin ya bar ƙasar a 1939.

Wace wuya ce masana'antar nan ba ta sha ba? An yi mata ruwan bama-bamai a 1944, gwamnati ta ƙwace ta a 1945, 'yan gurguzu suka sauya mata suna zuwa Svit, har garin suka raɗa wa sunan shugabansu. Daga baya aikin takalmin ya durƙushe. Amma mutanen Zilin ba su bar wa jemagu ginin ba. Sun gyara shi a 2004, gwamnatin yankin ta tare a ciki. Gini na 14 da na 15 kuma suka zama gidan tarihi da laburare a 2013.

A ganina nan ne muke da abin kunya. Je ka Bompai ko Sharaɗa, ko Kakuri ta Kaduna, ka ga masana'antun da suka ciyar da iyayenmu: wasu sun zama kango, wasu sito na kayan waje. Mu da Turawa suka daɗe suna sayen jar fatarmu suna kiranta ta Maroko! Ban ce a ta da kowace masana'anta ba, wannan sai da wuta da jari. Amma ko ɗaya daga cikinsu ai ta isa a zuba tsofaffin injuna a gefe guda, a ba dukawanmu sauran filin su yi aiki.