Wuƙa da bindiga sun baro birni, sun iso Gaya da Ajingi

Zuwa ga Edita,

Yawo da makami a jihar Kano ya wuce matsalar unguwannin birni. Faɗan daba da ƙwacen waya da aka sani a Ɗorayi da Kurna da Ƙofar Mata sun biyo hanyar Wudil, sun shigo ƙasar Gaya da Ajingi. Ko a kwanakin nan an tare wani ɗan acaɓa da magariba a tsakanin garuruwan biyu, aka yanke shi a hannu, aka tafi da babur ɗin da bai gama biyan kuɗinsa ba. Jama'a sun ga jininsa a kan hanya, sun kai shi asibiti, magana ta mutu a nan.

A da, sanda ko gora ce makamin matashin ƙauye. Wuƙa ta mahauci ce da ɗan tauri da mafarauci, kowa kuma ya san mai ita. Gaya garin maƙera ne tun asali, daga nan tarihi ya ce Abagayawa suka tafi Dutsen Dala neman tama. Ƙarfen da aka san shi da garma da lauje, yau ɗan bida da barandami da gariyo ake yi da shi, ana saye a kasuwa babu mai tambaya. Yaro ya soke wuƙa a ƙugu ya tafi biki ko kallon ƙwallo, gardama kaɗan sai jini.

Bindiga ma ta canza. Ta gida ce a hannun mafarauta, amma masu garkuwa da mutane AK-47 suke riƙewa. A ƙarshen 2025 'yan bindiga sun tsallako daga Katsina sun kai hare-hare a Shanono da Tsanyawa, hankalin hukuma ya koma yamma. Gabas fa? Gaya da Ajingi suna iyaka da Jigawa, ɓarawo ya yi ta'asa, kafin gari ya waye yana wata jiha. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba doka aka rasa ba. Dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi hukuncin kisa ga wanda ya yi fashi ɗauke da makami, ko da wuƙa ce. A watan Mayun 2023 majalisar tsaro ta jihar Kano ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. A shekarar ce kwamishinan 'yan sanda Muhammad Usaini Gumel ya karɓi tubabbun 'yan daba, suka miƙa makamansu. A 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar kafa rundunar tsaron unguwanni. Duk an ji a rediyo. Mutumin ƙauye dai har yau shi da ɗan sintiri mai tocila da gora ne suke kwana a waje.

Laifin shugabanni ya fi na yaran. Ɗan siyasa ne ke tara su lokacin zaɓe, ya ba su kuɗin ƙwaya, ya sa su gaban mota suna kaɗa makami, shi ne kuma ke zuwa belinsu idan an kama su. An hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma tiramol da wiwi da sholisho ba su ɓuya ba. Iyaye su ma sun ga wuƙar, sun yi shiru.

Masarautar Gaya, wadda Gaya da Ajingi da Albasu ke ƙarƙashinta, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san gidan kowane yaro. A ba su goyon baya su miƙa mai laifi ba tsoro. A ƙara 'yan sanda da motocin sintiri ranakun kasuwa, musamman Juma'a da ake dawowa daga kasuwar Wudil da kuɗin dabbobi. A sa ido kan masu sayar da makami, wanda aka kama kuma a kai shi kotu ko ɗan wane ne.

Wassalam.

Wani mai karatu,
daga Gaya, jihar Kano