Harajin kuɗin da ba mu gani ba

Makon nan za mu ajiye zancen jigo da salo, mu taɓo abin da marubucin Hausa ya fi jin kunyar ambata, wato kuɗi. Wasu za su ce ina ruwan marubuci da haraji, mu da kuɗin data ma sai an yi karo-karo. Ku daure ku karanta.

A damunar 2021 wasunmu daga Isa da Sabon Birni muka karɓi aikin rubuta wasan kwaikwayon rediyo daga hannun wani ɗan kwangila, shi ma karɓowa ya yi daga wata ƙungiya. Ya ba mu kafin alƙalami, ya ce ciko sai an miƙa aiki. Muka miƙa. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da namu biyun, saboda 'yan bindiga. Kafin sabis ya dawo, kamfanin mutumin ya durƙushe, ofis a kulle. Ba mu ce da gangan ya cinye mana haƙƙi ba, wataƙila shi ma riƙe masa aka yi. Amma duk shaidar da muke da ita saƙon murya ne a WhatsApp, shi ma ya tafi tare da wayar da ta lalace.

Irin wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Gobir. Birkilan da ya gina aji, mai waldar da ya haɗa ƙofofi, mai tifar da ya zuba yashi, duk sun san ɗacin a ce maka wanda ya ba ka aiki ya karye, ko yana hannun masu garkuwa, ko ya kwashe iyalinsa ya tsallaka Maraɗi. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, kuɗin nan da ba su gani ba yana iya jawo musu haraji.

Mu da muka zauna ajin akanta a poli an koya mana cewa, a lissafin kasuwanci, ranar da ka gama aiki ka miƙa takardar neman biya, kuɗin ya shiga littafi a matsayin kuɗin shigarka, ko da sisi bai taɓa hannunka ba. To ga inda abin ya shafe mu. A ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji, suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu, abin da ya biyo baya kuma ana farawa da kashi 15 cikin ɗari. A ɗauka misali, ka yi ayyukan naira miliyan ɗaya da rabi a shekara, aka biya ka 600,000, mai sauran 900,000 ya karye. Mu ajiye kuɗin da ka kashe a gefe don lissafin ya yi sauƙi. In da abin da ya shigo aljihu aka duba, ba a bin ka ko kwabo. In kuwa littafi aka duba, akwai 700,000 a saman iyaka, harajinsu naira 105,000. Ka yi asarar dubu ɗari tara, sannan a ce ka kawo dubu ɗari da biyar saboda su.

Za a ce mana ai doka ta yi tanadi. Gaskiya ne. Tun dokar harajin ɗaiɗaikun mutane ta 1993 an yarda mai sana'a ya cire mataccen bashi daga ribarsa, in kuma daga baya aka biya shi, sai ya maido shi cikin lissafin shekarar da ya karɓa. Amma da sharaɗi: sai ka gamsar da hukumar haraji cewa bashin ya mutu. A nan gizo ke saƙar. Ɗan kasuwar Legas yana da yarjejeniya a rubuce, yana da wasiƙun lauya, wataƙila har da takardar kotu mai nuna kamfanin ya rushe. Birkilan Gatawa me zai kai? Wace takarda ce ke nuna wanda kake bi yana zaman gudun hijira a Nijar? Tanadin yana nan a doka, amma ƙofarsa an yi ta ne daidai tsawon masu fayil.

Wanda ba shi da littafi kuma, doka ta ba jami'i damar yi masa ƙiyasi. Ƙiyasi kuwa ido yake bi. Ana ganin shago, ana ganin janareta, ana ganin ginin da ka yi a bakin hanya. Bashin da ya maƙale ba a ganinsa.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, wannan matsala malamanmu sun warware ta tun da daɗewa. A Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, bashin da kake bi ba ka fitar masa da zakka sai ya dawo hannunka, kuma ko ya shekara nawa a wajen wanda ake bi, ta shekara ɗaya za ka fitar. Zakka ke nan, rukunin addini, ta jira kuɗi ya shigo. Me zai hana gwamnati jira? Kuma mu a nan ba baƙin gardamar haraji ba ne. Kufan Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, yana nan kusa da mu, kuma cikin laifukan da Shehu Usmanu ya lissafa wa sarakunan Hausa a Kitabul Farƙ akwai jangali da sauran kuɗaɗen da ake ɗora wa talaka ba bisa ƙa'ida ba. A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali. Yau kuma ƙauyukan Isa da Sabon Birni suna haɗa kuɗi su kai wa 'yan bindiga kafin a bar su su yi noma ko girbi, kuma sunan da kowa ke kiran kuɗin ke nan, haraji. Mutumin da ya riga ya biya na daji, a ce kuma ya biya na gari a kan kuɗin da bai gani ba?

Ba cewa muke kada a biya haraji ba. Cewa muke hukumar tara haraji ta jihar Sakkwato, tunda ita ke karɓar na ɗaiɗaikun mutane, ta fito fili ta ce ƙaramin mai sana'a za a yi masa lissafi ne a kan abin da ya karɓa. Ta kuma faɗi, da Hausa, a rediyo, irin shaidar da za ta amsa a yankin da kotu da banki suka yi wa mutane nisa: wasiƙar hakimi, rantsuwa a kotun shari'a, bayanan asusun banki. Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi, sanarwa ce kawai.

Sai mu dawo kanmu, don laifinmu ba ƙarami ba ne. Mu marubuta ne, muna iya cika shafi ɗari uku da labarin kishiya da uwar miji, amma shafi ɗaya na yarjejeniya ya gagare mu. Furodusa ya karɓi labari ya ce sai fim ya fita, mai shago ya karɓi littafi ya ce sai an sayar, mu ce Allah ya kai mu, don kada a ce mun cika son kuɗi. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Wanda ya ji haushi don ka ce a rubuta, tun a nan ka san abin da zai biyo baya.

Ku rubuta ranar aiki, adadin kuɗi da ranar biya, kowa ya sa hannu. Ku karɓi kuɗi ta asusu. In an makara, ku aika tuni a rubuce ku adana kwafi, domin tarin tunin nan shi ne hujjar cewa kun nema ba ku samu ba. In wanda ya ba ku aiki ya ce ya cire kashi 5 na haraji tun daga tushe, kada ku tashi sai da rasit, don da shi ne za a rage muku abin da ake bin ku. In kuma takardar ƙiyasi ta iso, kwana 30 kuke da su ku rubuta ƙorafi, wanda ya yi shiru an ɗauka ya amince.

Mu dai namu cikon na 2021 ya tafi. Kwanan baya ɗaya daga cikinmu ya haɗu da mutumin a tashar mota a Sakkwato, suka gaisa, ya tambayi iyali, ya ce yana sane. Abokin namu ya ce ba komai, har ya biya masa kuɗin shayi.