Kafin a yi hasashen kakar wasa, sai an samu kakar

Duk shekara, idan watan Satumba ya kama, jaridun ɗalibai a arewacin Amurka sukan cika da wani nau'in rubutu da ake kira hasashen kaka. Marubuci zai ɗauki ƙungiyar jami'arsa ta wasan hoki na ƙanƙara, wato ƙwallon gorar da ake yi a kan daskararren ruwa, ya baje ta a faifai. Zai faɗi waɗanda suka kammala karatu suka tafi, da sababbin da suka shigo, da wanda zai tsare raga, da ƙwallayen da aka ci bara da waɗanda aka sha, sannan ya yanke hukuncin inda yake ganin ƙungiyar za ta ƙare. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Hasashen kaka aikin duba Larabar ne.

A Kano ba mu da ƙanƙara, kuma ba ma bukatarta. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne, babu ɗan jaridar da zai iya yi wa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Jami'ar Bayero irin wannan rubutu da gaskiya, ko da ya fi kowa sanin wasa. Matsalar ba ta ƙarancin hazaƙar matasa ba ce. Hasashe yana tsayawa ne a kan duwatsun murhu uku: ranar da kowa ya san za a fara, jerin sunayen 'yan wasa da aka bayyana wa jama'a, da kuma ajiyayyen tarihin abin da ya faru bara. Wasannin jami'o'inmu sun rasa duka ukun.

Mu fara da yadda abin yake a can. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, tana gudanar da gasar hoki ta maza tun 1948. Ƙungiyoyi sittin da ɗoriya ne a rukunin farko. Ana farawa a Oktoba, ƙungiyoyi 16 su shiga zagayen fitar da gwani, huɗu su kai matakin ƙarshe a Afrilu. A ƙa'ida ɗalibi yana da kaka huɗu da zai buga, saboda haka tun daga ranar da ya shigo an san lokacin da zai fita. Shi ya sa da Jami'ar Denver ta ɗauki kofinta na goma a 2024, kowa ya san ta wuce Michigan mai tara, kuma da Western Michigan ta ɗauki na farko a tarihinta a 2025, kowa ya gane girman abin. Lissafin da aka adana ne yake ba nasara daraja.

Mu dawo gida. Ƙungiyar wasannin jami'o'in Najeriya, NUGA, ta yi gasarta ta farko a Ibadan a 1966, bisa niyyar a riƙa yi duk bayan shekara biyu. Amma bayan wadda aka yi a Makurɗi a 2017, sai a Maris na 2022 aka sake haɗuwa a Jami'ar Legas. Ɗalibin da ya shiga jami'a bayan gasar Makurɗi zai iya gama digirin shekara huɗu bai taɓa ganin NUGA da idonsa ba. A tsakanin nan an yi yajin aikin ASUU na wata tara a 2020, aka sake yin na wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba na 2022. Gasar ƙwallon ƙafa ta manyan makarantu, HiFL, wadda aka fara a 2018, ta kawo sabon jini. Ta ba ƙungiyoyi sunaye, irin su BUK Stallions, kuma Jami'ar Maiduguri ta ɗauki kofin a 2021. Sai dai ƙungiyar da aka fitar da wuri a gasar sili-ɗaya-ƙwale ta gama shekararta ke nan da 'yan wasanni kaɗan. Wannan ba kaka ba ce, ziyara ce.

Wanda yake tunanin Kanawa ba su damu da hasashen wasa ba, ya bi Titin Ibrahim Taiwo a watan Agusta. Daga bakin Kantin Kwari zuwa lungunan Fagge, a rumfunan masu shayi da gidajen kallon ƙwallo, za ka ji ɗan kasuwa yana lissafa 'yan wasan da Arsenal ta saya da kuɗin da ta kashe, tela yana gardamar ko mai tsaron bayan Barcelona zai warke kafin a fara. Ƙwarewar nazari tana nan, kuma kyauta ake yin ta. Kano Pillars ma tana samun rabonta, domin tana da tarihin da ake iya kamawa: an kafa ta a 1990, ta lashe gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009, ta faɗi daga rukunin ƙwararru a 2022, ta dawo a 2023. Tambayi mutumin nan sunan kyaftin ɗin ƙungiyar jami'ar da ɗansa yake karatu, sai ya yi maka kallon mamaki. Ba laifinsa ba ne, babu wanda ya taɓa sanar da shi.

Ra'ayina shi ne Kano ta daina jiran Abuja ko Legas. Misalin da ya dace da mu yana birnin Boston. Tun 1952 jami'o'i huɗu na yankin, wato Harvard, Northeastern, Jami'ar Boston da Kwalejin Boston, suke yin gasar hoki tasu ta cikin gida mai suna Beanpot. An ɗaure ta a Litinin biyu na farkon Fabrairu, kuma ana yin ta a babban zauren wasa na birnin, ba a harabar kowace makaranta ba. Ba sa neman izinin kowa, ba sa hawa jirgi. Jihar Kano ta fi ƙarfin makarantu huɗu. Akwai Bayero, da Jami'ar Northwest, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil, da Kwalejin 'Yan Sanda ta Wudil, da Skyline, da Jami'ar Maryam Abacha, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, da Sa'adatu Rimi. Ƙungiyoyi takwas, kowa ya kara da kowa sau ɗaya, wasa 28 ke nan a mako bakwai, wasa huɗu duk ƙarshen mako. Tafiya mafi nisa ita ce ta Wudil.

Filin ma yana nan: filin wasa na Kano Pillars da ke Sabon Gari, inda Bafagge da mazaunin Sabon Gari suka saba zama a benci ɗaya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Janairu, kafin zafin bazara. Tun da azumin Ramadan yana matsowa baya da kimanin kwana goma sha ɗaya duk shekara, kuma a 'yan shekarun nan cikin hunturu zai riƙa faɗowa, sai a fitar da jadawali tun da wuri a kauce masa. Mun ma san amfanin tsayayyar rana a garin nan. Gasar matasa ta Kofin Ramat ta zauna a zukatan mutane domin an jingina ta da watan Fabrairu, tunawa da Janar Murtala Muhammad, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairu 1976, a yunƙurin juyin mulkin da ya ci ran Kanar Ibrahim Taiwo mai sunan titin nan.

Akwai masu cewa jami'ar da ɗakunan gwaje-gwajenta ke fama da ƙarancin kayan aiki ba ta da hurumin kashe kuɗi a kan ƙwallo. Maganarsu tana da nauyi, shi ya sa ban ce a kwaikwayi Amurka a tarin kuɗin da take zubawa ba. Abin da gasar cikin gari take ci shi ne man mota, alawus na alƙalan wasa, riguna, ruwan sha da ma'aikacin lafiya a bakin fili. Attajiran Kwari da na Kasuwar Singa da suke biyan kuɗin talla a rediyo za su iya ɗaukar nauyin ƙungiya guda, telolin Fagge kuma su ɗinka rigunan. Da rashin tayi akan bar araha. Akwai kuma masu cewa yajin aiki zai rusa komai. To, makarantun nan takwas ba a ƙarƙashin ƙungiyar malamai ɗaya suke ba. Idan wasu sun rufe, sauran su ci gaba, a rubuta cewa wannan shekarar da ƙungiya biyar aka yi. Shi ma tarihi ne.

Babban haɗari shi ne sojojin haya, wato a ɗauko 'yan ƙwallon unguwa a sa musu rigar makaranta. Maganinsa mai sauƙi ne: kowace makaranta ta wallafa sunayen 'yan wasanta da sashen karatunsu da ajinsu wata guda kafin a fara, da sa hannun magatakarda. Abokan karatunsu sun san su, ƙarya ba za ta kwana ba. Sassan koyon aikin jarida su karɓi aikin adana sakamako, wanda ya ci, a minti na nawa, wanda aka kora. Ɗalibai mata kuma a buɗe musu tasu gasar ta ƙwallon kwando ko ta raga a kan jadawali ɗaya.

Abin da ake hasara ya wuce kofi. Yaro mai hazaƙar ƙwallo a Kano yau yana ganin hanya biyu ce gabansa, ko makaranta ko fili, kuma iyaye da yawa suna ganin wanda ya zaɓi fili ya bar karatu ke nan. Gasar da ɗan aji uku a sashen injiniya zai ci ƙwallo a gaban mahaifinsa a Sabon Gari za ta sauya wannan tunani fiye da kowace lacca.

Hasashena na bana ke nan: in dai daraktocin wasanni na makarantun nan ba su zauna sun sa hannu a kan takarda mai ɗauke da rana da fili ba, hunturu zai zo ya wuce, wasu haziƙan su kammala karatu babu wanda ya san sun taɓa buga ƙwallo. In kuwa sun zauna, baɗi war haka za mu sami abin gardama a Titin Ibrahim Taiwo wanda ba daga Landan ya zo ba.