Mutum ɗaya, suna huɗu: wa ke da alhakin gaskiyar takardunmu?

Mu da aikinmu shi ne zama a gaban makirfo muna karanta sanarwa, mun san irin wasan da ake yi da sunayen mutane a ƙasar nan. Kowace safiya ana kawo mana takardu: sanarwar rasuwa, cigiya, ko jerin sunayen waɗanda ake kira su zo su karɓi takardunsu. Sau da yawa mutum ɗaya ne, amma a takarda ta farko shi ne Mahamadou, a ta biyu Mamadou, a ta uku Mahamane, a ta huɗu kuwa ya koma Mohamed. Mukan yi dariya mu wuce, alhali kuwa shi mai sunan kuka yake yi.

Kwanakin baya wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya same mu a gidan rediyo da jakar leda cike da takardu. Watanni ya kwashe yana kai da kawowa tsakanin garinsu da Yamai, kuɗinsa na ritaya sun maƙale. Dalili kuwa shi ne shekarar da ke cikin takardarsa ta haihuwa ta saɓa da wadda ke cikin takardar ɗaukarsa aiki, sannan sunan mahaifinsa ya bambanta da harafi ɗaya tak. Duk biron da ya shiga, amsa ɗaya ake ba shi: "Baba, ba mu ne muka rubuta ba." Bai saci kuɗin kowa ba, bai yi ƙarya ba. Alƙalamin wani ne ya zame shekaru aru-aru da suka wuce, shi kuma yake biya da kuɗin mota da tsufansa.

Ruwa ba ya tsami banza. Tun zamanin Turawa magatakarda ke rubuta sunayenmu na Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Buzanci da haruffan Faransanci, kowa yadda kunnensa ya jiye masa. Ranar haihuwa kuwa, iyayenmu da dama kintace aka yi musu, aka rubuta "an haife shi wajajen shekara kaza". Da kwamfuta ta zo ta nemi rana da wata, sai aka cika mata da 1 ga Janairu, har ka ɗauka rabin ƙasar nan a rana ɗaya aka haife su.

Ba mu ce ba a yi komai ba. Binciken lafiyar al'umma na 2006 ya nuna kashi 32 cikin 100 kawai na yara ƴan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. A binciken 2012 adadin ya kai kashi 64. An yi dokar rajistar al'umma a 2007, aka sabunta ta a 2019. An ƙidaya jama'a a 1977, da 1988, da 2001, da kuma 2012, lokacin da aka samu mutum sama da miliyan 17. Kafin zaɓen Disamba 2020 an yi rajistar masu zaɓe da hoton yatsu, aka samu sama da miliyan 7, bayan alƙalai sun bi ƙauyuka suna ba waɗanda ba su da takardar haihuwa.

To amma ina gizo yake saƙa? Gwamnati gida ce babba mai ɗakuna da yawa, kuma kowane ɗaki da nasa kundi. Ma'aikatar magajin gari da nata, makaranta da nata, asibiti da nata, masu biyan albashi da nasu, kuma kundayen nan ba sa ga maciji da juna. In an gyara kuskure a wuri ɗaya, yana nan daram a sauran. Ta wannan ɓaraka ce mamaci ke iya ci gaba da karɓar albashi, mai rai kuwa a ce babu shi.

Wasu na ganin sayen na'urori ne magani. Mu dai muna da ja. Hoton yatsa yana hana mutum ɗaya yin rajista sau biyu, amma ba ya faɗin shekarar da aka haife shi, ba ya kuma gyara sunan ubansa. Abin da ka zuba wa kwamfuta shi take dawo maka da shi. In tsakuwa ka kai injin niƙa, kada ka jira garin tuwo. Illarta ma ita ce kuskuren da a da yake kwance cikin kundi ɗaya, yanzu cikin ƙiftawar ido ya karaɗe ofisoshi goma.

Shi ya sa muke kira ga magabata da abubuwa huɗu. Na farko, a tsai da tushe ɗaya: abin da ke cikin rajistar haihuwa shi ne gaskiya, kowace ma'aikata daga can za ta ɗauka, ba ta sake rubuta nata ba. Na biyu, kowane bayani ya zama yana da mai shi, wato jami'in da aka san sunansa da kujerarsa, wanda in an samu kuskure shi za a tambaya, don a daina jifan talaka daga wannan taga zuwa waccan. Na uku, a fitar da ƙa'ida ɗaya ta rubuta sunayenmu, a raba ta ga duk masu riƙe da rajista, kuma a karanta wa uba sunan da aka rubuta da babbar murya kafin a buga hatimi. Na huɗu, a daraja ƙaramin ma'aikacin nan da ke rubutu a gidan haihuwa ko a ƙofar mai gari: a horar da shi, a biya shi haƙƙinsa kan lokaci, kada rajista ta ƙare masa. Tun ran gini, tun ran zane. Kuma kuskuren da ma'aikaci ya yi, bai kamata talaka ne zai biya kuɗin gyaransa ba.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma da namu laifin. Mu nawa ne muka je gaban alƙali muka rage wa yaro shekaru don ya samu rubuta jarrabawa ko shiga aikin soja? Mu nawa ne muka yanka ragon suna, muka tara maroƙa, amma muka kasa taka ƙafa mu kai sunan jaririn a rubuta, sai ranar da makaranta ta nemi takarda? Ƙaryar da muka yi yau don sauƙi, ita ce za ta tare ɗanmu a ƙofar ritaya.

Mu ma'aikatan rediyo mun ɗauki namu alkawari: duk jerin sunayen da muka ga saɓani a cikinsa, za mu mai da shi ga wanda ya aiko kafin mu karanta. Saura ku masu riƙe da kundayen ƙasa. Dattijon nan yana nan yana jira da jakarsa ta leda, kuma ba shi kaɗai ba ne. Allah ya sa a gyara.