Wasiƙa Zuwa Ga Masu Gyaran Kwamfuta Na Madarunfa Da Kewaye

Ina yi muku sannu da aiki, manyanku da yaran da ke koyo a hannunku, daga cikin garin Madarunfa har Ɗan Isa, Jiratawa, Safo, Gabi da Sarkin Yamma.

Magana ɗaya ce ta sa na rubuto muku, wato aikin da muke yi idan diskin kwamfutar hannu ya mutu, muka sa sabo, muka ɗora mata Windows. Da yawa a cikinmu, da zarar tambarin Windows ya bayyana sai a rufe murfi a karɓi kuɗi, alhali ko rabin aikin ba a kai ba. Mai na'urar nan wataƙila malamin makaranta ne, ko ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da ke rubuta kundin kammala karatu, ko magatakardan manoman rani na Jiratawa. Kuɗin kabu-kabu ya biya ya zo, kuma ba lallai ya samu na dawowa gobe ba.

Ku fara da tsohon diskin, domin abin da ke cikinsa ya fi na'urar daraja a wurin mai ita. Sau da yawa diski kan yi jinya kafin ya mutu. In har kwamfuta na ganinsa, ku sa shi a akwatin USB, ku duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo, sannan ku tambayi mai shi abin da ya fi buƙata, ku fara kwashe wannan. Idan karatun na tsayawa, ddrescue na Linux yakan tsallake wuraren da suka lalace ya ceto sauran. Idan kuwa kuka ji yana ƙwas-ƙwas, ku kashe shi nan take. Farantin da ke ciki galibi yana juyawa sau 5400 a minti ɗaya, kuma kowace kunnawa ƙarin karcewa ce. Kada ku buɗe shi a shago, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ƙarasa shi. In diskin na kulle da BitLocker, sai da mabuɗinsa mai lambobi 48, wanda galibi yana cikin asusun Microsoft na mai shi. Ku taya shi nema kafin ku ce ba dama.

Abin da idonku ya gani a diskin mutum kuwa amana ne. Hotunan iyalinsa, takardun bashinsa, sakamakon ɗalibansa, ba na hira a bakin shago ba ne. Ku ja kunnen yaranku a kan wannan tun ranar da suka fara riƙe sukudireba. Tsohon diskin kuma a danƙa wa mai shi a hannu, ko da ya mutu murus, kada a jefa shi cikin kayan da za a sayar.

Wajen sabon, ina ba ku shawarar SSD. Babu abin da ke juyawa a cikinsa, don haka girgizar babur a kan hanyar ƙauye ba ta cutar da shi kamar mai faranti, ga shi yana farfaɗo da tsohuwar na'ura. Ku dai duba ramin kafin ku saya, ko na SATA ne ko na M.2. In na hannu ne daga Kano ko Katsina, ku karanta awoyin da ya yi yana aiki, ku faɗa wa mai saye gaskiya.

Ga inda na fi so ku tsaya. Tun daga Windows 8 a 2012, kamfanoni irin su HP, Dell da Lenovo suna dasa lambar lasisi a cikin babban allon kwamfutar, ba a diski ba. Mutuwar diski ba ta kashe lasisin. Idan kuka ɗora irin wanda na'urar ta zo da shi, Home a gurbin Home, Pro a gurbin Pro, da ta shiga intanet sai ta tabbatar da kanta. To me zai kai mu ga Windows ɗin da wani ya yanke ya liƙa, ko ƴan manhajojin fasa lasisi da sai an kashe riga-kafi suke aiki? Wanda ya ce ka kashe mai gadi kafin ya shigo gida, ka san ba da alheri ya zo ba. Ku haɗa kile ɗinku, wato filash mai aƙalla giga 8, daga shafin Microsoft kai tsaye, ku keɓe shi don wannan aiki kaɗai.

Na'urar zamani ta UEFI tana son tsarin GPT. F9 ke buɗe zaɓin tashi a HP, F12 a Dell. Idan sabon diskin ya ƙi bayyana lokacin ɗorawa, kada ku yanke masa hukunci. Sau tari direban Intel RST ne babu, ko kuma a mayar da saitin diski zuwa AHCI.

Wane Windows za a ɗora? Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, ya kuma rufe kulawar yau da kullum ta Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 yana neman TPM 2.0 da injin Intel ƙarni na 8 zuwa sama ko makamancinsa, abin da yawancin kayan hannu da ke zuwa mana ba su da shi. Ana iya tilasta shi, amma sai mai na'urar ya san abin da aka yi masa. Wanda rubutu da intanet ne kawai buƙatarsa, Linux Mint da LibreOffice za su ishe shi kyauta, muddin kun zauna kun nuna masa hanya.

Batun wuta ba sai na tuna muku ba. Mun ga yadda aka sha wahala lokacin da Najeriya ta yanke mana layin lantarki a Agustan 2023. Kada ku fara ɗorawa sai batir ya cika ko sola na tsaye, sabunta BIOS kuwa kada ma ku taɓa shi in wutar ba tabbas.

Bayan Windows ya tashi, ku gwada wayfay, sauti, kyamara da kowace kafar USB, ku bar sabuntawa ta ƙare a shagonku don kada ta cinye wa mai na'urar data a gida. Ku dubi allon rubutu: na'urar da ta fito ta Najeriya QWERTY ce, ta Faransa AZERTY, kuma in saitin bai dace ba, mutum zai danna A ya ga Q, har ya kasa shigar da kalmar sirrinsa. Malaman da ke rubutu da Hausa ku ƙara musu tsarin Hausa da ke cikin Windows, su samu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ku share ƙurar fanka, tunda zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40.

Kafin mai na'urar ya tafi, ku gaya masa ya riƙa kashe na'urar gaba ɗaya kafin ya hau babur, ya kuma ajiye kwafin takardunsa a wuri na biyu, ko kile ko Google Drive, domin SSD in ya mutu yakan tafi ba sallama, kuma ceto daga cikinsa ya fi wuya. Ku rubuta masa a takarda irin diskin da kuka sa, girmansa da ranar da aka sa shi.

Allah ya sa albarka a sana'ar, ya ba yaranmu haƙurin koyo. Wassalam.

Ɗan'uwanku a sana'a.