Makullin mota guda ɗaya kasada ce a hanyar Sabon Birni da Isa

A cikin birnin Sakkwato, idan makullin mota ya ƙi aiki, abin da mai mota zai yi asara bai wuce wuni guda da kuɗin bakanike ba. A hanyar Sabon Birni zuwa Isa kuwa, motar da ta ƙi tashi bayan la'asar magana ce ta rai. Mutanen yankin ba su manta da Disambar 2021 ba, lokacin da 'yan bindiga suka ƙone motar matafiya a kusa da Gidan Bawa, aƙalla mutum 23 suka rasu. Haka kuma a hanyar Sakkwato zuwa Sabon Birni aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a 2024, daga baya aka kashe shi. Ba makulli ne ya jawo waɗannan masifu ba, amma sun nuna irin hanyar da direba ke bi da makulli ɗaya tak a aljihu.

Akasarin motocin da ake shigowa da su daga Turai da Amurka suna ɗauke da na'urar hana sata. Jamus da Birtaniya sun wajabta sanya ta a sababbin motoci tun 1998. A cikin kan makullin akwai wani ɗan ƙwayar lantarki mai lambar sirri. Da an murɗa makulli, wani zobe da ke kewaye da ramin makullin zai karanta lambar ya aika wa ƙwaƙwalwar mota. Idan lambar ba ta dace ba, ƙwaƙwalwar ba za ta saki mai ko wuta ba. Injin zai yi ta juyawa bai kama ba, ko ya kama ya mutu nan take, ga fitilar mai hoton makulli tana ƙyaftawa a gaban direba.

Na'urar tana yin bincikenta ne lokacin tayar da mota. Saboda haka matsalar kan ɓullo bayan an kashe inji: a shingen jami'an tsaro, wajen mai sayar da fetur a galan, ko inda aka tsaya salla.

Sau da yawa abin bai kai yadda ake tsoro ba. A motocin da ake tayarwa da danna maɓalli, yawanci batirin rimot ne ya mutu, ɗan faifan nan mai kama da kwabo, irin CR2032. A cikin rimot ɗin akwai ƙaramin makullin ƙarfe na buɗe ƙofa. A motocin Toyota da wasu da dama, idan aka taka birki aka manna rimot a jikin maɓallin, motar za ta tashi ko da batirin ya mutu. Direbobi da yawa ba su san wannan ba, domin motar ta zo hannunsu babu littafinta. Wanda bai sani ba sai ya yi ta murɗawa har batirin motar ya ƙare, wasu motocin ma su kulle kansu na ɗan lokaci.

Tushen matsalar yana wajen ciniki. Ana sayen mota ta hannu da makulli ɗaya, mai saye bai tambayi na biyu ba, dillali bai ambata ba. Wasu su je a yanka musu kwafi a kasuwa, su ɗauka sun huta, alhali makullin da babu ƙwayar lantarki ƙofa kawai zai buɗe. Ranar da na asalin ya faɗa ruwa ko ya ɓata, sai an nemo mai kwamfutar haɗa makulli daga birni. Kiran nasa ma ba tabbas, tunda a Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Sabon Birni da Isa.

Akwai masu ganin a cire na'urar kawai a huta. Hujjarsu tana da ƙarfi: an ƙera ta don ɓarawon mota na Turai, shi kuwa direban Gobir tsoronsa tsayawa a daji. Sai dai cirewar da ake yi a gefen titi, a yanke waya a ɗaure da salatif, ko a liƙa ƙwayar makullin a jikin zoben da gam, takan haifar da abin da ake gudu. Gargadar hanya da zafin rana suna kwance irin wannan ɗauri, kuma motar da aka yi wa haka kowane yankakken makulli zai tayar da ita.

Rigakafin ya fi sauƙi. Duk mai mota ya haɗa makulli na biyu tun na farko yana aiki, domin a lokacin aikin ya fi araha nesa ba kusa ba. Mai doguwar tafiya ya riƙe na biyun a jikinsa tare da sabon batirin rimot. Mai saye ya sa makulli biyu cikin sharaɗin ciniki, ko a rage masa kuɗin haɗawa. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashoshin Sabon Birni da Isa su riƙa tambayar makulli na biyu kafin lodi, kamar yadda ake duba taya ta ko-ta-kwana. Ƙananan hukumomin biyu, masu raba babura da kekunan ɗinki da sunan tallafi, za su iya tura 'yan matasa masu gyaran wayar mota su koyo wannan aiki, a saya musu na'urar.

Tsaron hanya nauyin gwamnati ne, kuma ba a sauke shi ba tukuna. Kafin a sauke, fasinjan da ya biya kuɗin mota daga Isa yana da haƙƙin shiga motar da za ta tashi duk inda aka kashe ta.